Yatsa Huɗu a Hagu

A tsibirinmu na Duyong, inda kogin Terengganu yake shiga teku, in ka ji an ce wane yana da ido, ba aljanu ake nufi yana gani ba. Ana nufin masassaƙin da zai tsaya a gaban jirgin da ake haɗawa, ya runtse ido ɗaya, ya ce a ɗan saki katako na shida na hagu, a saki, jirgin kuma ya fito sak. Ba takarda, ba tef ɗin awo. A 'yan shekarun nan masu idon sun ƙare saura uku, biyu daga ciki kuwa ciwo ya kwantar da su. Na ukun shi ne Embong ɗan Jusoh.

Gajere ne, rana ta ƙona shi, gemunsa bai taɓa cika ba, ga baƙin rai. Ni dai ban taɓa jin ya yabi aikin wani ba, kuma ban cika ganin laifinsa ba, don yawancin abin da ake nuna masa bai cancanci yabon ba. Wajen ubansa ya gaji sana'ar, uban kuma wajen nasa uban. Abin da yake tinƙaho da shi shi ne, ko'ina a duniya haƙarƙarin jirgi ake fara kafawa sannan a lulluɓe shi da katako, amma mu nan fatar ake fara yi. A gasa katakon cengal a wuta bibbiyu, na hagu da na dama, har su lanƙwasa, a jera wani kan wani, a ɗinke su da turakun itace, a shimfiɗa ɓawon itacen gelam a tsakani don in ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kafa. Sai jiki ya tashi kaf sannan a sa haƙarƙari. Duk tsawon watannin nan ba abin da ke riƙe da siffar jirgin sai idon maigida. Shi ya sa ɗora tef a kan aikin mai ido zagi ne a wurinmu. An taɓa yin wani Bature da ya zo duba jirgin da ya ba da aiki, ya zaro tef daga aljihu. Embong ya karɓa kamar zai duba, ya wulla shi kogi, ya ce a gaya masa shagon tela yana tsallake.

Jirgi hamsin da ɗoriya ya fitar a rayuwarsa. Da fari na masunta ne da na 'yan dako. Da wannan kasuwa ta mutu sai Turawa masu yawon teku suka gano mu, suna son jirgin katako mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, su tare a ciki da matansu su yi ta zaga tsibirai. Duk shekarun nan ƙaninsa Sulong ne ke riƙe masa ɗaya bakin katakon. Sulong ba shi da ido, kowa ya sani, shi ma ya sani, kuma ba mai yawan magana ba ne. A shekara ukun da suka wuce kam ya sha zagi. Embong ya ce katakon zamani ba ya jin magana. Zai daidaita shi da hantsi, ya tafi sallar Azahar ya ɗan kishingiɗa, ya dawo ya tarar ya goce, Sulong kuma ya riga ya buga turaku.

"Wa ya aike ka? Hannunka ƙaiƙayi yake yi ne?"

Sai Sulong ya sunkuyar da kai. Turakun nan kuwa in sun shiga, sun shiga ke nan. Jirgi biyu aka tura ruwa a haka, Embong yana tsaki, masu su kuma suna ta godiya wai ba su taɓa tuƙa masu lafiya irinsu ba. Ya ce ai ba su san jirgi ba ne.

Wanda yake so a duk aikinsa shi ne wani jirgi mai suna Mek Jarah. Ya yi wa wani mutumin Ostareliya shi ne shekara huɗu da suka wuce, a shekarar da matarsa ta rasu, mai jirgin ya bar masa zaɓen suna, shi kuma ya sa sunanta. In aka tambaye shi wanne ya fi, ba ya amsawa, sai dai ya dubi bakin kogi inda jirgin ya bi ya fita.

Wata safiya a rumfar shayi, Wan Dolah, tsohon mai kwalekwalen fito, wanda suke tsokanar juna tun suna samari, ya ɗaga wayarsa.

"Mai ido, zo ka gani. An kai Mek Jarah kasuwa. Baje kolin jiragen da za a yi a tsibirin Langkawi, can za a sayar da shi."

"Mai shi ya gaji da teku ke nan. Turawan nan ba su daɗewa."

"Tsaya in karanta maka. Katako mai kyau, aikin hannu, sai dai yana ɗan jan gefe, dole a riƙa danne matuƙi." Ya sauke wayar yana dariya. "Wato dai gurgu ne, don dai ba sa son su faɗa."

Mutanen rumfar suka harari Dolah.

"Uban wa ya rubuta?"

"Dillali mana."

"Dillalin ya taɓa riƙe gizago?"

"Ni dai karantawa na yi, kada ka huce a kaina."

Embong ya bar shayinsa rabi ya tashi. Ya samu 'yarsa Salmiah, wadda ke koyarwa a firamaren tsibirin, tana shanya kaya, ya ce ta shirya za ta raka shi Langkawi.

"Haba Baba, tafiyar yini guda ce a mota, ga jirgin fito. Me za ka je yi?"

"Zan je in ga maƙaryacin da idona."

Ta dubi kawunta Sulong da ke zaune yana wasa gizago, shi kuma ya dubi ƙasa. Embong bai lura ba, don hankalinsa yana wani wuri. Gaskiyar magana tsoro ne ya shige shi, ko da yake da za a yanka shi ba zai amsa ba. In Mek Jarah ya karkace, to idonsa ne ya karkace. In kuwa idon ya tafi, ba abin da ya rage na Embong sai gajeren tsoho mai baƙin rai.

Suka isa wurin baje kolin washegari da hantsi, ya sa zanensa mai kyau da farar hula. Tutoci ko'ina, kiɗa na tashi, ga jirage farare fat a jere kan ruwa, kowanne da mai talla a tsaye. Aka ce sai an cire takalmi kafin a hau, ya ce to, ashe suna da ladabi ko da guda ɗaya ne.

Na farkon ƙirar Faransa ne, gindinsa faffaɗa, sitiyari har biyu. Embong ya ƙwanƙwasa jikinsa da ƙashin yatsa, ya kara kunne, ya yatsine fuska.

"Ƙarar baho yake yi. Wa ya yi shi?"

Mai tallan, wani mai farar riga da tabarau, ya faɗi sunan kamfani.

"Ba kamfani na tambaye ka ba, mutum na tambaye ka."

"Ai zubi ne, Baba. Faiba, wata irin roba mai tauri, ake zubawa a mazubi. Wannan shi ne na ɗari biyu da goma sha huɗu."

"Kamar bulo ke nan."

Ya shiga ciki duk da haka, don ba mutum ba ne mai raina abin da bai gani ba. Ɗakin kwana uku, makewayi biyu, firij, har da wurin gasa burodi. Ya fito ya ce wa Salmiah wannan gida ne aka manta ba a yi masa harsashi ba, kuma ran da igiyar ruwan ƙarshen shekara ta biyo wannan gindin ta baya, masu burodin za su san inda suke. Na biyun tagwaye ne, jiki biyu an haɗa su da dandali a tsakiya. Mai tallansa ya ce ko iska ta tashi ba ya kwanciya, kofin shayi ma ba ya zubewa. Embong ya ce jirgin da bai iya kwanta wa iska ba, ran da ya kife ba mai tashinsa. Na ukun siriri ne mai nauyi, daga Suwidin, cikinsa matsattse, ko'ina da abin kamawa. Nan ya daɗe. Ya shafa bakin ƙofar, ya gwada tsayuwa a wurin matuƙi, ya girgiza sandan filafilai, sannan ya ce wanda ya tsara wannan ya taɓa jin tsoro a teku. Salmiah ta ce tun da take ba ta taɓa jin ya kusa yabo haka ba.

Amma kowane jirgi sai ya zaga ta gabansa, ya tsuguna daidai hancinsa, ya runtse ido ɗaya. A na farkon ya kwashe da dariya.

"Salmiah, zo ki gani. Damansa ya fi hagunsa ciki."

Ta zo ta tsaya ta duba. A na Suwidin ɗin ma haka. Da ya duba na huɗu sai da ya tafa hannu.

"Ke, duk mazubinsu a karkace yake! Faransa, Suwidin, duka gefe ɗaya suka kumbura. Su ne za su ce jirgina gurgu?"

Rabonsa da irin wannan dariya tun uwarta na da rai, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo. Ta ce su je su ci abinci, ya ce ba ya jin yunwa. Jirgi bakwai ya duba a haka. A na shida dariyar ta ragu, a na bakwai kuwa ya daɗe a tsugune bai kira ta ba. Embong ba wawa ba ne. Ya san ƙasa huɗu ba za su haɗa baki su yi kuskure ɗaya ba. Amma ya ture tunanin, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce a nuna masa inda nasa yake.

Jiragen hannu, waɗanda aka riga aka yi amfani da su, a baya aka ajiye su, nesa da kiɗa da tutoci, an fitar da su tudu an tokare da ƙarafa. Can ƙarshe ya hango shi, shi kaɗai ne baƙi a cikin farare. Ya saki Salmiah a baya, ya je gabansa ya tsuguna, ya runtse ido. Sak. Hagu da dama kamar an tsaga kwakwa biyu. Tun safe bai ga jirgi mai daidaito ba sai wannan. Ƙwalla ta cika masa ido don murna, ya goge da bakin zanensa yana cewa alhamdu lillahi.

"Baba, kana son ka hau ka duba ne?"

Dillalin ne, wani ɗan ƙabilar Sin mai furfura a gefen kai, sunansa Teoh, ya zo da takardu a hammata.

"Kai ne ka rubuta yana jan gefe?"

"Ni ne. Mai saye gara ya sani tun farko."

"To ni na sassaƙa shi."

Teoh ya mayar da takardun ɗaya hannun, ya gaishe shi hannu biyu, ya taɓa ƙirji. Ya ce shekararsa ashirin yana sayar da jirage bai ga ɗinkin katako irin wannan ba, ko allura ba ta shiga, kuma mai shi yana kuka ya rabu da shi, ciwon kafaɗa ne ya hana shi ci gaba da danne matuƙi. Embong bai karɓi yabon ba.

"Kun bar shi a tudu ya bushe. Gelam in ya bushe dole jiki ya motsa."

"Kwanansa goma da fitowa, Baba."

"To Baturen ya buga shi a dutse aka yi gyaran banza."

"Ba a taɓa canja masa ko katako ɗaya ba. Mai awo ya duba, ga takardar."

"Kun ɗora tef a kan jirgina?"

"Ka yi haƙuri, haka ake yi kafin a sayar."

Embong ya juya ya nuna wani farin jirgin faiba da ke tokare kusa da nasa.

"Wannan fa? Ka rubuta masa cewa damansa ya fi hagu?"

Teoh ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

"Wannan ai inji ya yanka mazubinsa, ko gashi ɗaya ba..."

Sai ya ga fuskar Salmiah, maganar ta maƙale.

Embong ya daɗe a tsaye. Ya dubi farin jirgin, ya dubi nasa, ya sake duban farin. Sannan ya ce a ba shi igiya siririya mai tsawo. Teoh ya ce akwai tef a motarsa, Embong ya ce igiya ya ce. Aka kawo. Ya hau tsani da kansa, Salmiah tana roƙonsa ya bari, ya yi mata kunnen uwar shegu. Ya ɗaure igiyar a tsakiyar hancin jirgin, ya ja ta har tsakiyar gindi, ya ɗame. Ya yanki guntuwa, ya durƙusa a inda jirgin ya fi faɗi, ya auna daga igiyar zuwa bakin dama, ya ƙulla alama. Ya juya da ita hagu. Ƙullin bai kai baki ba. Ya sa hannunsa a abin da ya rage, yatsunsa huɗu suka shiga daidai. Ya kwance ya sake ɗaurewa, ya sake aunawa. Ya matsa gaba kamu biyu ya auna, ya koma baya ya auna. Rana tana dukansa, gumi yana ɗiga kan katakon, mutum biyun da ke ƙasa ba wanda ya iya ce masa ya isa. Wannan shi ne karo na farko da Embong ɗan Jusoh ya auna aikinsa, yana da shekara sittin da tara.

Da ya sauko, Teoh ya kawo masa kujerar roba da gorar ruwa, ya ce yana da baƙi a can gaba, ya tafi. Ba baƙin da yake da su, mutunci ne ya sa ya ba su wuri.

Embong ya zauna, igiyar tana hannunsa har yanzu.

"Shekarar da uwarki ta rasu ce. Hankalina ba ya jikina."

Ya ɗago ya dubi Salmiah.

"Amma na bayansa biyun nan lafiyarsu ƙalau. Ke ma kin ji masu su. Ba wanda ya ce suna jan gefe."

Ta tsuguna a gabansa, ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Da ta so da ta ce haka ne, su koma gida, a ci gaba da zama yadda ake. Ta yi niyyar hakan ma tun a mota. Amma ta ga ya riga ya kama hanyar ganewa, kuma in ya ƙarasa shi kaɗai zai fi muni.

"Baba, Kawu Sulong yana da tef."

"Me kika ce?"

"A cikin gwangwanin ƙusa yake ɓoye shi. In ka tafi Azahar sai ya auna, ya mayar da katakon daidai, ya yi maza ya buga turaku kafin ka dawo."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka tura wannan ruwa. Ya ce ya ga yadda ya zauna a ruwa, jikinsa ya ba shi. Baturen ma ya rubuto wasiƙa bayan wata uku, wai jirgin yana jan gefe, ni na karanta wa Kawu ita, ya ce kada in gaya maka."

Embong ya dubi igiyar da ke hannunsa. Zagin shekara uku ya dawo masa ɗaya bayan ɗaya, da yadda Sulong ke sunkuyar da kai, da ranar da ya kira shi jaki a gaban masu kawo katako. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ta fi baƙin cikin idon nauyi.

"Wa da wa suka sani?"

"Masu gasa katako sun sani, dole."

"Dolah fa?"

"Shi kaɗai ne bai sani ba. Da ya sani da bai karanta ba. Ran nan da ka tashi, mutanen rumfar kamar su cinye shi."

Wato duk tsibirin. Masu gaishe shi da mai ido a hanyar masallaci, masu kawo 'ya'yansu su ga yadda yake runtse ido, duk sun sani, suna lallaɓa shi kamar mai jinya. Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa. Ya ajiye igiyar a ƙasa. Can gaba aka ƙara sautin kiɗa, wani yana sanarwa a lasifika za a fita da masu son gwada tagwayen jirgin.

Ya ɗaga kai ya dubi bakin ruwa, inda sandunan filafilai suka yi cirko-cirko sun fi ɗari.

"Salmiah."

"Na'am, Baba."

"Sandunan can, a miƙe suke?"

Ta waiga ta duba, ko da yake ba sai ta duba ba.

"A miƙe suke."

"Dukansu?"

"Dukansu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa hannun kujerar ya miƙe, ya gyara zanensa, bai sake duban Mek Jarah ba. Ya yi taku biyu ya tsaya.

"To zo ki kama hannuna."